Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Nazari Kan Ɗanɗanar Zuma a Ƙasar Kazaure da Kewaye

Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ya sha jin manya suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Akan faɗi haka wajen yabon tsohon amini, ko dattijon da aka koma wa bayan dabarar yara ta ƙare. Amma kafin maganar ta zama karin magana, zance ne na masu amya da masu magani. Har yau a gidaje da dama akwai kwalba ko ɗan tulu da uwargida ta ɓoye a ƙuryar ɗaki, ba a taɓa shi sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko wuta ta ƙone wani. Wannan nazari zai duba yadda mutanenmu ke gane zuma mai kyau, da abin da tsufa ke yi mata, da inda al'adar ke da rauni.

Yadda gwani ke ɗanɗana

Na taɓa zama a zauren wani dattijo mai amya a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, aka kawo masa kwalabe uku ya duba. Bai yi garaje ba. Ya ɗaga ta farko ya haska ta da hasken ƙofa, ya karkata ta, yana kallon yadda zumar ke bin jikin kwalba a hankali. Ya buɗe, ya shinshina sau biyu. Ya tsoma tsinke ya ɗaga sama, zumar ta zubo kamar zare, ta naɗe a kan 'yar'uwarta kafin ta baje. Sai a lokacin ya lasa, ya rufe baki, ya yi shiru.

Na ce, "Baba, me ake jira?"

Ya ce, "Yaro, zaƙi kowa ya san shi. Abin da ya rage a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce, shi ne zumar."

Ta farko ya ce ta ɗorawa ce, an cire ta a bazara. Ta biyu ya ce akwai darbejiya a cikinta, saboda ɗan ɗacin da ke biyo baya. Ta uku ya ture ta gefe, ya ce an yi mata gaggawa, ga kuma ƙaurin hayaki.

A wannan ɗan zama ya bi matakai huɗu: ido, hanci, kauri, harshe. Ido na duba launi, daga farar saƙa mai haske zuwa ja zuwa baƙa. Hanci na neman ƙamshin fure, yana gudun tsami da ƙauri. Tsinke na auna yawan ruwa. Harshe kuma na bin zaƙi har ya kai ga maƙaƙi ko bauri ko ɗaci, waɗanda su ne ke faɗin itacen da ƙudan zuma ya yi kiwo a kai. Shi ya sa zumar da aka tara lokacin furen gawo a farkon rani ba ta zama ɗaya da ta lokacin da jajayen furannin ɗorawa ke reto, ko ta lokacin furen mangwaro.

Nuna kafin tsufa

Ruwan furen da ƙudan zuma ke kawowa tsinkakke ne. Su ne ke ta fifita shi da fikafikai a cikin amya har ruwansa ya ragu zuwa wajen kashi 17 ko 18 cikin ɗari, sannan su liƙe bakin ramukan saƙar da kaki. Wannan liƙewa ita ce shaidar nuna. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex Alimentarius ta ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Idan ya wuce, ba ta ajiyuwa: za ta yi kumfa, ta yi tsami, ta kumbura jarka.

A nan matsalar amyarmu ta gargajiya take. Amyar da aka saƙa da ciyawa, aka shafe da kashin shanu, aka ɗora a reshen itace, ba ta ba mai ita damar zaɓe. Da dare ake hawa da wuta a hannu, ga zaƙi ga harbi, sai a kwaso komai a zuba a bokiti: liƙaƙƙiyar saƙa da ɗanya, da 'ya'yan zuma, da toka. Wani ma sai ya ɗora a wuta don ta yi saurin tatuwa. Irin wannan zuma ko wata shida da wuya ta kai.

Me tsufa ke ƙara mata? Gaskiyar magana, zuma ba ta ƙara kyau don ta daɗe. Launinta na ƙara duhu, ƙamshin furen na raguwa, sinadaran da ƙudan zuma ya zuba mata masu taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta suna raunana, musamman idan zafi da hasken rana sun same ta. Akwai wani sinadari da masana ke kira HMF wanda ke ƙaruwa da zafi da daɗewa. Ƙa'idar Codex ta tsayar da shi a miligiram 40 a kowane kilo, ta ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi irin namu zuwa 80. Kwalbar robar da ta wuni a rana a bakin titin Kano zuwa Daura cikin watan Afrilu tana tsufa a mako abin da ta ɗaki mai sanyi ba ta yi a watanni.

To, manya sun yi kuskure ke nan? A'a. Zumar da ta shekara biyu ko uku ba ta yi tsami ba, ta riga ta ba da shaidar cewa nunanniya ce tun ranar da aka cire ta, kuma ba a tsarma mata ruwa ba. A zamanin da babu na'urar awo, shekaru su ne alƙalin zuma. Tsufa shaida ce ta nagarta, nagartar kuwa a amya ake samo ta.

Gwaje-gwajen kasuwa

Mai saye a kasuwa yakan nemi a tsoma ashana a ƙyasta, ko a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, ko a ɗiga a yashi a ga ko za ta dunƙule. Duk waɗannan kauri kawai suke aunawa. Mai algus da ya dafa sukari ko mazarƙwaila har ya yi danƙo zai haye su cikin sauƙi. Batun cewa tururuwa ba ta hawa zuma ta gaskiya ma ba haka yake ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na daskarewa. Idan zuma ta yi tsaki-tsaki a hunturu sai a ce an zuba sukari, alhali ɗabi'ar zuma ce, ya danganta da furen da ta fito. A zaunar da kwalbar a ruwan ɗumi, za ta koma yadda take. Ta haka ake wulaƙanta mai gaskiya a sayi ta maha'inci. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: rahoton Tarayyar Turai na 2023 ya nuna cewa cikin samfuri 320 na zumar da aka shigar ƙasashensu, 147, wato kashi 46 cikin ɗari, ana zargin an yi musu haɗi.

Akwai kuma gargaɗin da ya wuce na ciniki. Likitoci sun hana ba jaririn da bai shekara ba zuma, sabuwa ko tsohuwa, saboda wata ƙwayar cuta da cikinsa bai isa ya yaƙa ba. Wajibi ne iyaye da ungozomai su riƙe wannan.

Darasi daga waje

Turawa sun yi nisa wajen ɗanɗanar jar giyar inabi wadda ta shekara da shekaru a ajiye. Ba abin shanmu ba ce, addini ya haramta mana ita. Abin lura a wajensu shi ne tsarin rubutu. Tun 1855 aka jera gonakin inabin Bodo da ke Faransa daraja-daraja, kuma kwalba kan fito da sunan gona da shekarar girbi. Tsarinsu na ɗanɗana ne wani masani Bafaranshe, Michel Gonnet, ya aro ya ɗora a kan zuma a ƙarshen shekarun 1970, har ta kai Italiya na da rajistar ƙwararrun masu ɗanɗanar zuma.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Yaman. Zumar sidir ta kwarin Do'an da ke Hadaramaut tana cikin mafi tsada a duniya, alhazanmu na sayo ta a Makka da Madina. Itacen sidir ɗin nan kuwa kurna ce, 'yar'uwar magarya, kuma dukansu biyu suna tsaye a gonakinmu har zuwa iyakar Nijar ta wajen Babura. Abin da suka fi mu da shi, sun ba zumarsu sunan itace da sunan wuri. Tamu kuwa duk sunanta "zuma", cikin tsohuwar robar ruwa.

Abin da ya kamata

Dattijon nan na Roni ya san abin da masanan Italiya suka sani, amma iliminsa a harshensa yake, ranar da ya faɗi ya tafi da shi. Allah Ya saukar da sura sukutum da sunan ƙudan zuma, Ya ambaci waraka a cikin abin da yake fitarwa. Bai dace mu riƙe wannan ni'ima da sakaci ba.

Masu amya su ware liƙaƙƙiyar saƙa daban, su tace ba tare da wuta ba, su ajiye a kwalbar gilashi a inuwa, su rubuta ƙauye da wata da shekara da itacen da ya yi fure. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura su zauna da waɗannan dattawa, a haɗa harshensu da na'urar auna ruwan zuma, a rubuta kalmomin da suke siffanta ɗanɗano da su. Kai kuma mai saye, ka daina neman ashana. Ka tambayi inda aka ciro ta da lokacin da aka ciro ta, ka lasa, ka jira abin da zai rage a maƙogwaro.