Daga Burus Li zuwa TikTok: Me Sin Ta Tallata Mana, Me Muka Saya?

Duk wanda ya zauna a wata fada ta samari a Agye ko Gazawa bayan sallar isha'i, ya ga ƙasar Sin ko da bai taɓa jin sunan Beijin ba. Ganyen shayin da ke tafasa a buta daga can ya fito, haka salula Tecno ko itel da ke hannun kowa, haka moton ɗan kabu-kabu da ke jingine a bango. Amma idan mai karatu ya leƙa abin da samarin suke kallo cikin waccan salula, mafi yawa zai tarar da fim ɗin Kano, ko na Indiya da aka juya zuwa Hausa, ko na Turkiyya. Hajar Sin ta shiga kowane gida, labarinta kuwa yana tsaye a zaure. Dalilin haka nake son mu bincika.

A shekarar 1990 wani malamin jami'a na Amurka, Joseph Nye, ya raɗa suna ga wani irin iko da za mu iya kira ƙarfin jan hankali, wato ƙasa ta sa a so abin da take so ba tare da bindiga ko toshiya ba. A 2007 shugaba Hu Jintao ya sanya wannan manufa cikin jawabinsa ga babban taron jam'iyyarsu. Sai dai Sin ta daɗe da kula da mu: tun 1963 gidan rediyonta ya buɗe sashen Hausa, daga baya aka riƙa kama shi a zangon FM a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A 2015, a taron Johannesburg, shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin na tauraron ɗan Adam ƙauyuka 10,000 na Afirka, aka damƙa aikin ga kamfanin StarTimes. An kashe dukiya, an kuma yi haƙuri.

Abin mamaki shi ne, lokacin da Sin ta fi mallakar zukatan yaran ƙasar nan babu gwamnatin da ta aiko ta. Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun san gidan bidiyo: zana a kewaye, inji yana ruri, a biya dala biyar a zauna a ƙasa. Burus Li, wanda ya rasu tun 1973, da Jaki Can su ne jarumawanmu, kuma finafinansu daga Hong Kong suke, wadda ke hannun Ingila har 1997. Ba mu jin ko kalma ɗaya, amma babu wanda ya nemi tafinta. Maraya ne aka zalunta, ya je wurin tsohon malami, ya yi masa ɗiban ruwa da sharar gida shekara da shekaru kafin a koya masa sirri, sannan ya komo ya kayar da shef bandi. Yaron da ya san zaman almajiri gaban malaminsa, wanda ya girma yana jin labarin Kantu da takobin kokawa na 1975, ai labarin gidansu ake ba shi. A waccan makaranta ta Gidan Rumji da na yi, ba a rasa mai karyayyen hannu saboda kwaikwayon tsalle.

Sai mu gwada wannan da abin da hukuma ke aikowa. A matsayina na mai koyar da Hausa, ina jinjina wa Sinawan da suka koyi harshenmu har suka iya karin magana. Amma duk mai sauraron labaransu ya san wasu kalmomi da ba sa ƙarewa: cin moriyar juna, sada zumunta, ziri ɗaya da hanya ɗaya. Nahawu daidai ne, ruhin kuwa na takardar ofis ne. Gada ta ginu, jirgin ƙasa ya yi gudu, talauci ya kau, ba wanda ya yi kuskure, ba wanda ya yi kuka. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci ne, kuma tatsuniyar da babu kura a cikinta yara barci suke yi.

Ba wai adabin Sin na yau ya rasa abin da zai taɓa mu ba ne. A 2013 an juya wasan talabijin Beijing Love Story zuwa Hausa, aka nuna shi a Najeriya. A cikinsa akwai saurayi ɗan talakawa da ya zo birni daga ƙauye, tsadar gida ta hana shi aure, har ya sarayar da budurwarsa ga abokinsa ɗan mai kuɗi don ya sami matsayi. Wane saurayin Cadawa ko Tibiri da ya tafi ci-rani neman kuɗin aure ne ba zai gane wannan ciwo ba? Ga Sin mai rauni, mai kunya, mai nadama, kuma ita ce za a iya ƙauna. Amma wasan bai zama abin hira a fadojinmu ba, domin ta ƙofar hukuma ya shigo, alhali kasuwar kallo tana hannun masu tura finafinai a salula. Su kuwa masu fassarar Kano irin su Algaita ba sa tsoron asalin fim: sukan sa ɗan Indiya ya yi ba'a da habaici irin na bakin tasha, har mai kallo ya manta baƙo ne.

TikTok ma, mallakar kamfanin ByteDance na Sin, darasi ɗaya yake koyarwa. Ya ci kasuwa a nan ne domin ya zo da akushi, ya bar mu mu zuba tuwonmu. Ɗalibaina suna kallon ƴan uwansu Hausawa a ciki, da wuya ka ga Basine.

Saura tambayar da ta shafe mu. Sin tana da masu jin Hausa, masu nazarin abin da ke sa mu dariya da abin da ke sa mu fushi. Mu fa, mutum nawa gare mu da za su karanta littafin Mo Yan, wanda ya ci kyautar Nobel a 2012, su juya mana shi kai tsaye, mu ga ƙauyen Sin da yunwarsa da rigingimunsa? Mutanen da suka haƙa man Agadem, suka gina matatar Damagaram a 2011, bai kamata saninmu da su ya tsaya ga tsallen Burus Li da sanarwar rediyo ba. Wanda bai san abokin cinikinsa ba, shi ake yi wa awo da ƙaramar tiya. Ya kamata jami'o'inmu na Maraɗi da Damagaram su horar da masu fassara, marubutanmu kuma su zaɓo da kansu abin da ya cancanci shigowa Hausa, maimakon jiran abin da aka ga damar aiko mana.