Masuntan Lofoten da kifin hunturu

Tun daga farkon Disamba har cikin Janairu rana ba ta leƙowa a tsibiran Lofoten, can arewacin ƙasar Norway. Da zarar haske ya fara komawa, sai masunta su kwance jiragensu, domin baƙon da suke jira ya iso. Kifi ne da suke kira skrei. Daga Tekun Barents yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 don ya zuba ƙwai a mashigin Vestfjord, tsakanin Janairu da Afrilu. Tekun nan ba ya daskarewa duk da tsananin sanyi, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke zuwa daga kudu ta Tekun Atlantika.

Abin da ya fi burge ni game da mutanen nan shi ne sanin inda kifi yake tsayawa. Ba ko'ina yake ba. Ruwan gaɓa mai sanyi yana sama, ruwan Atlantika mai ɗan ɗumi da gishiri yana ƙasa, kifin kuwa ya fi son inda suka haɗu, wurin da ma'aunin zafi ke nuna digiri 4 zuwa 6. Wannan mahaɗa ba ta zama wuri guda: wata shekara ta taso, wata shekara ta nutse can ƙasa. Yau akwai na'urar da ke nuna garken kifi a allo, amma ba ita ke gaya wa mutum gaba nawa zai saki igiya ba, ko yadda zai riƙa ɗaga ƙugiya yana saki a hankali har kifi ya kai cafka. Wannan a hannu yake. Wani da fatsa yake aiki, wani da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, wani da taru, kuma kowa ya san irin ranar da kayansa ke ci.

Sai kuma iska. A hunturu tana iya juyawa cikin sa'a guda, feshin teku ya daskare a jikin jirgi ya ƙara masa nauyi. Tsakanin tsibiran Moskenes da Værøy akwai mahaukacin ruwa mai juyi, Moskstraumen, wanda ba a ratsa shi sai an lissafa cikar teku da janyewarsa. Gwanin masunci ya san ranar da zai bar jirgi a ɗaure, ko da maƙwabtansa sun fita. A da, safar hannu ta ulu suke sawa, su tsoma ta cikin ruwan teku su matse, don jiƙaƙƙen ulu yana riƙe ɗumin hannu.

Kifi na faɗowa jirgi ake yanka shi a maƙogwaro, jini ya tsiyaye, naman ya fito fari tas. A gaɓa a fede shi, a ware hanta da ƙwai, a sare kai. Yaran tsibiran ne ke yanke harsunan daga kawunan su sayar, da haka suke fara sanin wuƙa da kuɗin guminsu.

Shanyar kifin ma fanni ce mai zaman kanta. Ana ɗaure kifi biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen katakai daga Fabrairu zuwa wajen Mayu, ba gishiri, ba hayaƙi. Duk wanda ya taɓa ganin mai kilishi yana duban sama kafin ya baza nama zai gane. In an rataye da wuri, ƙanƙara ta lalata tsokar. In an makara, ƙuda ya samu. Ana son sanyin da ke dab da daskarar da ruwa, da iskar teku mai kaɗawa ba fasawa, har kifin ya koma kamar itace.

Mafi kyawunsa Italiya yake tafiya. Busassun kawunan kuwa, da yawansu a Najeriya suke sauka. Su ne okporoko da ake gani jibge a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma idan ka juya kai ɗaya ka duba ƙarƙashin haɓarsa, kana iya ganin gurbin harshen da wani yaro ya yanke da sanyin Maris.