Tarihin Agege Ya Wuce Burodi Da Gada

Duk wanda ya tashi ba da tarihin Agege sai ya fara da burodi, ya ƙare da gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021. To, ina goro? Gonakin goro da tashar jirgin ƙasa ne suka jawo kakanninmu nan, tun kafin a kafa masana'antun Ikeja da ma'aikatansu suka cika unguwar saboda arahar haya. Mahautan Oko-Oba da 'yan dako kuwa, ko ambatonsu ba a yi.

Amma fa jama'a, mu ma da laifinmu. Dattawan Zango da suka ɗaura huhun goro da hannunsu suna ta ƙarewa, mu kuwa ba ma zama da su mu rubuta.