Masar Otal da Masar Tanda

Ɗan yayata ne ya matsa sai mun je. Ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ya ce, “Kawu, ranar Lahadi kada ka karya, zan kai ka cin buranc.” Ni da na fara jin kalmar na ɗauka biranci ya ce. Ashe kalma ce da Turawan Ingila suka ƙera tun 1895, suka yanko kan karin kumallo suka manna da wutsiyar abincin rana. A taƙaice kalacin walaha ne, irin wanda ake kai wa manomi gona tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro sunan. Bambancin kawai, manomi sai ya yi gumi ake kawo masa.

Mun sauko daga Mpape wajen ƙarfe 11, muka shiga wani otal a tsakiyar gari wanda ba zan faɗi sunansa ba. Gaskiya wurin ya tsaru. Ga sanyi, ga tsabta, ba ƙuda ko ɗaya, ma'aikata suna gaishe ka kamar sun san gidanku. Tsarin shi ne ka biya kuɗi sau ɗaya, ka ɗauki faranti ka yi ta zagaye har sai cikinka ya ce ya isa. Kayan marmari sun yi kyau, burodinsu iri-iri mai ɗumi, shayi ba laifi duk da dai bai kai kaurin na mai shayin bakin tasha ba. Akwai wani saurayi da aikinsa kawai soya ƙwai a gabanka yadda kake so. Ku riƙe wannan saurayin, zan dawo kansa.

Kafin komai, shawara ga duk wanda za a gayyata: ka yi tambaya. A jerin tukwanen ƙarfen nan masu murfi akwai mai naman alade, kuma rubutun da ke gabanta ƙanana ne, ga shi da Turanci. Abin sha ma akwai lemun da ake sirkawa da giya, launinsa ɗaya da na lemun zaƙi. Da na tambaya, ma'aikaciyar ta nuna mini ba tare da wani yatsina ba, ta kuma ce cokalin kowace tukunya daban ne. Na yaba. Amma sai da na tambaya ɗin.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne teburin da suka ware wa abincin Arewa. An shimfiɗa masa tabarmar kaba, an jingina faifai da ƙwarya da ludayi don ado, sai ga masa, miyar taushe, ƙosai, kunun gyaɗa da fura. A gaban masar an rubuta wani abu da Turanci mai nufin fanken shinkafa. Ban damu da sunan ba. Na damu da abin da na ci.

Jama'a, masa ba ta son jira. Duk wadda ta taɓa kwana da ƙullu ta sani: a jiƙa shinkafar tuwo, a niƙa, a haɗa da ɗan dafaffe, a bar shi ya tashi har ya yi ɗan tsamin nan da ke sa miya ta zauna a kai. Sannan tanda mai zafi, gefe ya yi ƙamas-ƙamas, ciki ya yi saƙa kamar gidan zuma. Daga tanda sai hannu. Ta otal an soya ta tun da safe an rufe cikin tukunyar ƙarfe, tururi yana ɗiga a kanta awa da awanni. Ta yi laɓo-laɓo, ba tsami, sukari ya rinjaye ta, in ka gutsura sai ka ji kamar kek ɗin da ruwa ya taɓa. Miyar taushen kuwa an ji tsoron daddawa, an ji tsoron yakuwa, an bar kabewa da gyaɗa suna kallon juna. Furar an markaɗa ta sumul da madarar kanti, babu gudaji, babu yajin citta da kanumfari. Wani baƙo kusa da ni, da alama ba ɗan ƙasa ba ne, ya ɗanɗana masar ya ajiye. Abin ya tsaya mini a rai, domin shi ke nan zai koma ƙasarsu yana cewa ya ci masa.

Abu ɗaya ne a ɓangaren namu ya fita kunya, tsire. Dalili kuwa a bayyane yake: an ajiye mahaucin gaske a farfajiya da tukubarsa, yana yankawa yana barbaɗa ƙuli a gabanka. Da na yi masa sallama ya amsa da Hausar Sakkwato, muka gaisa, ashe shi ma daga bayan gari yake shigowa kullum. Layi a gabansa bai yanke ba.

Nan tambayata take. Otal ɗin ya gane cewa ƙwai ba ya jira, ya ajiye masa mai soyawa. Ya gane tsire na son mai shi. Me ya hana a ajiye mace ɗaya da tandarta? Matan da suka iya wannan aiki ba a Bauchi kaɗai suke ba, suna nan unguwarmu, muna bin layinsu kowace safiya bayan asuba. Su ne kuma idan suka kuskura suka kai tanda bakin titin Maitama ko Wuse, jami'an hukumar kare muhalli ta Abuja za su kwashe kayan, saboda an hana talla a cikin gari. Ana son faifansu a bango, ba a son su a ɗakin. Har babban otal ɗin Hilton na Maitama, wanda aka buɗe a 1987, sunan ɗaya daga cikin ɗakunan cin abincinsa Bukka, kalmarmu ce tsaf. Ba can muka ci ba, ina dai nuna yadda sunayenmu suke shiga inda masu sunan ba sa shiga.

Mu ma da namu laifin. Na ga yaranmu a wurin, 'yan Arewa, sun fi minti goma suna ɗaukar hoton faranti kafin su kai loma, ba wanda ya kira mai kula da wurin ya ce masar nan ba haka take ba. Ni ma ban kira shi ba, kunyar ɗan yayata ta hana ni. Sai dai na rubuta a 'yar takardar jin ra'ayi da suka kawo.

Da takardar kuɗi ta zo, bayan farashin da aka faɗa an ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ladan hidima. Yaron ya yi sauri ya rufe, amma na hango. Na mutum biyu ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin wata da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024. Na ce, “Kai, wannan ai buhun shinkafa muka zauna muka cinye.” Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ba abincin ake saya ba, wurin ne.”

Wanda aka gayyata ya je, kada ya ƙi, akwai abin kallo. Ya fara da tsire, ya bi da kayan marmari, ya sa a soya masa ƙwai. Masa kuma ya bari sai Litinin da safe, a wurin mai tandar bakin masallaci.