Kalandar bana: hancin dattawanmu bai kai haka ba

Kalandar da samarin unguwa suka buga ta bana ta zo hannuna tun makon jiya. Na rataye ta a shago, ina ɗaga kai in kalle ta duk sanda ciniki ya lafa. Sai na fara da godiya: takarda mai kauri, kwanan watan Musulunci da na Bature a jere, ga shi yaran sun bi dattawa goma sha biyu gida-gida sun ɗauke su hoto. Allah ya saka musu da alheri. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku buɗe shafin Maris. Dattijon da ke wurin mun fi shekara 30 muna haɗuwa da shi a kasuwar goro. Mutum ne mai doguwar fuska da siririn hanci. A kalandar kuwa hancin ya kumbura ya cika tsakiyar hoto, kunnuwa sun gudu baya, rawanin nan nasa mai girma ya koma kamar ƙaramar hula. Jikansa ya tsaya a shagona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ko Baba ba shi da lafiya ne ranar?" Lafiyarsa ƙalau. Gilashin kamara ne ya yi masa sharri.

Ni ba mai hoto ba ne, amma ina sarin kayan lantarki a Legas, kamarori sun sha wucewa ta hannuna, kuma mai sayar da kaya dole ya san abin da yake sayarwa. Kowane gilashin kamara yana da lamba ta milimita a jikinsa. In lambar ƙarama ce, kamar 18 ko 24, gilashin yana kwaso fili mai faɗi, komai ya fito ƙanana. In babba ce, kamar 85 ko 135, yana jawo abu kusa ya matse filin. Na tambayi yaron da ya ɗauki hoton, ya ce da gilashin 18-55 ɗin da ake sayar da kamara da shi ya ɗauka, yana kan 18, don zauren ya yi ƙunci. Da ya ga fuskar ta yi ƙanƙanta sai ya matso har ya kusa taɓa gemun tsoho.

Nan ɓarnar take. Daga kan hanci zuwa kunne akwai kamar santimita 10 zuwa 12. In ka tsaya santimita 30 daga fuskar mutum, hancinsa yana kan 30, kunnensa ya haura 40, ka ga dole hancin ya rinjayi kunnen. In ka ja baya mita 2, wannan ɗan bambancin ya zama ba komai ba, fuska ta fito yadda Allah ya tsara ta. Ashe tazara ce ke gyara fuska, gilashi kuwa shi ke ba ka damar tsayawa a tazarar. Shi ya sa masu hoton fuska suka fi son 85 zuwa 135 a babbar kamara: kana nesa, amma kai da kafaɗu sun cika hoton.

Kada wani ya ce mini ai kuɗi ne babu. Yawancin kamarorin da ke hannun yaranmu ƙanana ne, waɗanda ake ninka lambar gilashinsu da 1.6 in Canon ce, ko 1.5 in Nikon ce. Ke nan wannan gilashin dai na hannunsa, da ya murɗa shi zuwa 55, ya samu kusan 85 ɗin da ake nema, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Abin da ya rage kawai shi ne ya roƙi tsoho a fito tsakar gida, a zauna a inuwa. Mai waya ma haka: babban idon waya yana wajen 24 zuwa 26 ne, don haka ja baya ka danna 2x ko 3x in wayarka na da shi.

Laifi na biyu kishiyar na farko ne. A shafin Yuni an ɗauki wani fatomar goro a rumfarsa da gilashin 50, an buɗe ƙofar haske har f/1.8. Ido ɗaya ya fito tar, ɗayan ya dushe saboda ya ɗan karkata kai. Bayansa kuwa ya narke kamar kunu. Ina huhunan goron? Ina ganyen da ake naɗe shi? Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin goro an raba shi da goronsa don a ce hoto ya yi kama da na 'yan fim. Dusar da baya yana da amfani in bayan bola ce ko igiyar shanya. In bayan sana'ar mutum ce, ai ita ce rabin labarinsa. Da an ja baya kaɗan, an rage buɗin zuwa f/4 ko f/5.6, da jikokinsa sun ga abin da aka ciyar da su da shi.

Shafin Satumba da waya aka ɗauka, da tsarin nan da ke dusar da baya da kansa. Waya ba ta san mayafi ba, sai ta cinye gefensa, kan Hajiya ya fito kamar an yanke shi da almakashi an manna. Hoton taro na bangon baya shi ma gilashi mai faɗi ne: na tsakiya lafiya lau, amma ladaninmu da ke can gefe, mutumin da iska ke iya ɗauka, ya yi faɗin buhun masara.

Ba duka ne suka lalace ba fa. Shafin Nuwamba ya burge ni ƙwarai. Tsohon tela ne a kan kekensa, an ɗauke shi daga bakin ƙofa, hasken taga na sauka a gefen fuskarsa, hannunsa na kan yadi, zare da almakashi duk ana gani. Fuskar tasa ce, ba a ƙara ba a rage ba. Wanda ya ɗauki wannan ya san abin da yake yi, ko kuma kunya ce ta hana shi matsawa kusa, ita kuma ta yi masa rana. Ya tuna mini da aikin marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aikin hoto a Ibadan kafin ya koma Legas. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya rasu a 2014 ya bar hotuna masu yawan gaske. Ba kwalliya, ba ƙarin gishiri, amma yau duniya na ganin kitson da wasu ma an daina yin su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. A gidajenmu yaro ba ya cusa fuskarsa cikin ta babba. Yana tsayawa daga ɗan nesa, ya rusuna, ya gaishe shi. Tazarar gaisuwar nan ita ce daidai tazarar hoto mai kyau. Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu, hotunan nan su ake aikawa gida, su ake nuna wa yaran da aka haifa a nan a ce ga wanda ya fara zuwa. Cikin waɗanda muka yi Sallah da su bara akwai waɗanda yau sai dai addu'a, kuma hoton da aka samu shi ne ya zauna, mai kyau ko maras kyau.

Don haka roƙona ga samarinmu: kada ku jira kalandar baɗi. Ku koma gidajen nan tun dattawan suna raye, ku sake ɗauka. Ku fito da su inuwa, ku ja baya taku uku, ku murɗa gilashi zuwa 55, ku bar sana'ar kowa ta fito a bayansa. Wanda kamararsa ke ba shi wahala ya biyo shago bayan La'asar mu duba tare, ba sai ya sayi komai ba.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya yi wa yaranmu albarka.