Harshen Shingen Hanya: Abin da Wani Littafin Tsibiri Ya Tuna Mana

Duk wanda ya saba bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ko ya shiga Sabuwa ranar kasuwa, ya san irin maganar da ake yi a bakin shinge. Soja ɗan kudu ya leƙo cikin mota ya jefo tambaya, rabinta Turancin buroka, rabinta Hausar da ba ta bambance "ya" da "ta". Direba ya lanƙwasa harshensa ya amsa da irinta. Tsohuwar da ke kujerar baya ba ta ji duka ba, amma ta gane. Tun da tsaro ya taɓarɓare a ƙasar Pauwa, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da wannan harshe ake tambayar hanya, da shi ake ba da labarin abin da ya faru jiya da dare, da shi uwa take kwatanta kamannin ɗanta da ba ta gani ba.

To, ina wannan harshe yake a cikin littattafanmu?

Abin da ya tayar mana da tambayar shi ne sake karanta The Lonely Londoners, littafin Sam Selvon da ya fito a 1956. Selvon mutumin tsibirin Tirinidad ne, ya ƙaura Landan a 1950. Labarin na 'yan ci-rani ne daga tsibiran Karebiyan: Moses, wanda ya daɗe a birnin har ya zama mai tarbar baƙi a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo, Galahad, sabon zuwa mai zafin kai, Tanty, tsohuwar da ta koya wa mai kanti ba da bashi irin na gida, har da wani ɗan Nijeriya, Cap, wanda ya zo karatu ya ɓige da yawon cin arziki.

Ba labarin ne ya sa littafin ya yi suna ba, harshen ne. Mutanen tsibiran nan suna magana da abin da masana ke kira kiriyol. Asalinsa gonakin rake ne. Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, aka riƙa jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, mutanen da ba sa jin harshen juna. Suka ɗauki kalmomin ubangida suka zuba su a mazubin harsunansu. Da 'ya'yansu suka tashi da shi a baki, sai maganar wucin gadi ta zama harshen uwa. Har yau a Patuwar Jamaika ana cewa "unu" da ma'anar "ku", kalmar da ta fito daga Ibo, 'yar'uwar "una" ta buroka. Ana cewa "nyam" da ma'anar ci, wadda masana ke dangantawa da Fulatanci da Wolof. Bafulatanin Faskari ba zai buƙaci tafinta a nan ba.

Kafin Selvon, yawancin marubuta a bakin 'yan wasa kawai suke sa wannan harshe. Mai ba da labari kuwa ya tsaya gefe da Turancin makaranta, kamar malami yana nuna wa baƙi ƙauyawa. Selvon ya ce shi ma da daidaitaccen Turanci ya fara, rubutun ya ƙi tafiya. Sai ya miƙa wa kiriyol ragamar labarin kanta. Wannan ya sauya komai. Akwai wurin da Galahad, bayan an wulaƙanta shi, ya kwanta yana yi wa baƙin fatar hannunsa magana kamar mutum, yana ɗora mata laifin wahalarsa. Da mai labari na Turancin makaranta ne, da tausayi kawai za mu ji, irin na mai kallo daga nesa. Da yake bakinsu ɗaya da Galahad, sai muka tsinci kanmu a cikin ɗakin, dariya ta taso mana ta maƙale a wuya.

Littafin ba ya rasa aibi. In ka cire Tanty, matan cikinsa kusan duk abin farauta ne ga maza, kuma marubucin bai cika nuna hakan ya dame shi ba. Harshen ma ba tsantsar na titin Tirinidad ba ne. An rage masa gishiri don Bature ya iya haɗiyewa. Amma ya tabbatar da abu guda: harshen da ake raina wa zai iya ɗaukar kaɗaici da yunwa da tunani mai zurfi.

Mu dawo gida. Muna da namu harshen haɗuwa, Barikanci, wanda ya tsiro a barikokin soja na zamanin Turawa, lokacin da Hausa ce harshen umarni ga kuratan ƙabilu daban-daban. Wanda ya fi kowa fito da shi fili shi ne marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamba 2023. Shi soja ne tun asali, daga ciki ya san harshen. Ana dariya a wasansa, amma Samanja mutum ne mai iko da gida da mutunci. Da shi ake dariya, ba shi ake yi wa ba.

Abin da ya biyo baya ne abin takaici. Ku duba finafinanmu da littattafan da muke karantawa a WhatsApp da Wattpad. Gauraye iri biyu ne a ciki. Na farko Ingausa, ta ɗan Alhaji da ya dawo daga waje da likita mai sanyin murya. Wannan ado ce, shaidar wayewa. Na biyu gwaranci, na mai gadi da mai sayar da kayan gyaran mota da kurtun soja. Wannan kuwa ganga ce da ake bugawa in an so mai karatu ya yi dariya. Gauraye ɗaya ne, amma na mai kuɗi kwalliya, na talaka abin ba'a. Mun daɗe muna karatu ba mu ci karo da shafin da mai gwaranci ya yi kuka aka bar shi ya gama kukansa ba.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san bambancin kuskure da ƙa'ida: abin da ke maimaita kansa a tsari ɗaya kullum ba kuskure ba ne. Buroka ba ta taɓa jikin aikatau don nuna lokaci, sai ta sa ƙaramar kalma a gabansa: "dey", "don", "go". Haka Hausa take yi da "ina", "na", "zan". Wato abin da muke kira karyayyen Turanci ya fi kusa da ginin harshenmu fiye da Turancin da muke tinƙaho da shi. A kundin lambobin harsunan duniya da manhajoji ke aiki da shi, Patuwar Jamaika tana da tata lamba, buroka tana da tata, Barikanci ma haka. A Yunin 2024 Google Translate ya shigar da Patuwa. Na'ura ta ba su kujera, mu marubuta har yanzu a tabarmar ƙofa muke ajiye su.

Kada mu wuce gona da iri. Patuwa harshen uwa ce ga miliyoyin mutane, da ita suke mafarki. Barikanci ba haka yake ba. Harshen haɗuwa ne, kowa yana da nasa da yake komawa in ya shiga gida. Don haka ba cewa muke a rubuta littafi sukutum da shi ba. Ba kuma kira muke a yi wa daidaitacciyar Hausa riƙon sakainar kashi ba, ita da har yanzu muke fama da wayoyi su rubuta mana ɓ da ɗ da ƙ.

Roƙonmu ƙarami ne. Wata rana wani ɗan Ƙanƙara ko 'yar Faskari za su zauna rubuta labarin shekarun nan, kuma dole labarin ya bi ta shinge. A nan akwai saurayi da ya baro garinsu mai nisa, yana tsaye cikin rana, shi ma yana jin tsoro, Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba. Akwai uwar da take son ya fahimce ta ko ta halin ƙaƙa. In marubucin ya wanke maganarsu ta koma Hausar littafin aji, ya yi mana ƙarya. In ya mai da ita abin dariya, ya ci amanarsu su biyun. Abin da ya rage shi ne ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, ya yarda cewa mai karatu zai gane, kamar yadda tsohuwar kujerar baya ta gane.