Baƙunci Bayan Kwana Uku: Al'adar da Muka Riƙe Rabinta

Bahaushe yana iya tambayar baƙonsa komai, lafiyar gida da ta yara, yadda damina ta yi, wanda ya rasu da wanda aka haifa, amma ba ya tambayarsa ranar da zai koma. A wurinmu wannan tambaya kora ce. Duk wanda ya yi ta, ko da fara'a ya yi, labarinsa zai riga baƙon isa gida: wane ya shiga birni ya manta asalinsa, har yana ƙirga wa 'yan'uwansa loma. Shi ya sa za ka tarar da gida a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, mutum ya zo yin "kwana biyu" tun kafin azumi, babbar salla ta wuce yana nan, maigida yana ta yaƙe, matar gida tana share hawaye a gindin murhu, kuma babu mai iya cewa uffan.

Da yawa suna ganin haka al'adar ta gada, sai dai haƙuri. Ban yarda ba. Baƙuncin da iyayenmu suka yi yana da ƙa'ida ta ɓangare biyu, akwai abin da ke kan mai masauki, akwai abin da ke kan baƙo. Mu ne muka riƙe na farko gam, muka saki na biyu, sannan muka jibge nauyin duka a kan mutum ɗaya, wadda galibi ba a ma shawarce ta ba.

Babu mai musun darajar karamci a ƙasar Hausa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin halayen mutumin kirki a 1974, karamci na cikin abubuwan da ya lissafa tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Mukan ce baƙonka annabinka, mukan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wannan ɗabi'a tana da dalili. Mutanen da suka yi ta matafiya ne: fatake masu bin ayari wata da watanni zuwa Gwanja sayen goro, almajirai masu tafiya gabas neman karatu, 'yan ci-rani, da maniyyata da ke taka ƙasa ta Chadi da Sudan, wasunsu su shekara da shekaru kafin su ga Makka. A irin wannan duniya, wanda ya rufe wa matafiyi ƙofa kansa ya rufe wa, domin gobe shi ne a hanya.

To amma addinin da ya ƙarfafa mana karrama baƙo shi ne kuma ya sa masa iyaka, kuma iyakar a fili take. A hadisin Abu Shuraih da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an nuna cewa kulawa ta musamman yini ɗaya ce da dare ɗaya, liyafa kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne. Hadisin bai tsaya nan ba, ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa, a ruwayar Muslim ma har ya jefa shi cikin zunubi. Sau nawa muke jin wannan kashi na biyu a wa'azi? Malamai sun bayyana zunubin da ake nufi: mai gida ya fara gulmar baƙonsa, ko ya munana masa zato, ko ya gaya masa magana mai zafi. Duk wanda ya san abin da ake faɗa a ɗaka bayan baƙo ya shiga barci ya san hadisin bai bar komai ba. An kuma ruwaito daga Imamu Malik da Sahnunu, waɗanda mazhabarsu muke bi, cewa nauyin liyafa ya fi hawa kan mutanen karkara, saboda a birni matafiyi yana samun masaukin haya da kasuwar da zai sayi abinci. Mu kuwa yau mun juya lamarin, mazaunin birni ne ake ganin bashi ne a kansa ya sauki kowa, har sai ranar da baƙon ya ga dama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aya ta 53 a Suratul Ahzab. Ta sauka ne a kan walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Zainab 'yar Jahshi, lokacin da wasu suka ci abinci suka zauna hira suka ƙi tashi, shi kuma nauyinsu ya hana shi ya sallame su. Sai aka umarci baƙi su watse idan sun ci, aka kuma faɗa musu cewa zaman nasu yana cutar da shi. Ke nan kunyar mai gida ba hujja ba ce ga baƙo. Tun da an san mai gida ba zai iya magana ba, sai aka ɗora wa baƙon alhakin lura da kansa. Karin maganarmu ma haka ta ce: baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa ba ta kaiwa hantsi.

Ginin gidan Bahaushe na dā shi ma ya tanadi wannan iyaka. Baƙo namiji a zaure yake sauka, ko a shigifa, ko a wani shago da ke ƙofar gida inda samari ke kwana. Akushi ne ke fito masa, shi ba ya shiga. Zai iya yin wata guda matar gida ba ta sauya komai a rayuwarta ba face ƙarin malmala biyu, tana nan a tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji tana daka. Baƙuwa mace kuma ɗakin uwargida ko na tsohuwar gida take sauka, washegari ta karɓi taɓarya ko ta goya yaro. Namijin ma, in damina ce, kwana uku ba sa cika sai ya saɓi fartanya ya bi 'yan gandu gona. Hatsin da ake ci daga rumbu yake fitowa, kuma hannun baƙo yana cikin abin da zai sake cika rumbun.

Baƙon kasuwanci kuwa, wanda shi ne ya fi daɗewa, tsarinsa daban ne. A zango yake sauka, wurin fatoma ko maigidan da sana'arsa ke nan. Polly Hill ta yi rubutu a 1966 kan masu masaukin fataken shanu a Kumasi, Abner Cohen kuma ya fitar da littafinsa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, kuma abin da suka gani iri ɗaya ne. Maigida yana da ɗakunan da ya ware don baƙi, ya ba falke wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa idan mahauta sun ɗauki shanu bashi. In an yi ciniki akwai la'ada. Falke zai yi makonni a gidan ba wanda ya ƙosa da shi, domin zamansa riba ce ga mai masauki, kuma kowa ya san ranar tafiya: ranar da kaya suka ƙare aka biya kuɗi. Ko a fada haka abin yake. Da Baturen nan matafiyi Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo aka danƙa wa ɗawainiyarsa. Doguwar baƙunta tana da masu ita, mutanen da ke da fili da hali da kuma dalili.

Yanzu a dubi inda ake sauke baƙon yau. Ciki da falo ne a gidan haya, ko ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. Babu zaure. Falon da yara ke karatu shi ne makwancin ƙanin miji. Ruwa a wurin 'yan garuwa ake saya jarka-jarka, gawayi ko gas da kuɗi, shinkafa da masara da awo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuɗin da a lokacin ba ya sayen buhun shinkafa a kasuwanni da yawa. Baki ɗaya da ya ƙaru a irin wannan gida, daga kwanon yara ake rage masa.

Kuma wa ke ragewar? Maigida ya yi maraba, ya karɓi godiya da addu'a, da safe ya ajiye kuɗin cefane iri ɗaya da na jiya ya fita, sai dare. Matar ce za ta san yadda za ta ja miya ta isa. Ita ce za ta yini da hijabi cikin zafin bazara a gidanta, saboda akwai namijin da ba muharraminta ba zaune a falo, alhali addini ya yi kashedi mai tsanani game da keɓewar mace da ɗan'uwan mijinta. Ita ce ba za ta iya yin magana da mijinta ba sai da raɗa, ba za ta tsawata wa ɗanta ba sai gwaggo ta sa baki. In baƙuwar uwar miji ce ko yayarsa, to har gishirin miya sai an yi sharhi a kansa. Ranar da ta gaza ta ɗaure fuska, sunanta ya ɓaci a dangi: marowaciya, ba ta son 'yan'uwan miji, ta mallake shi. In mijin ya goyi bayanta ya zama mijin-ta-ce. Aure da yawa sun girgiza a kan wannan, ana cewa halin matar ne, alhali gajiya ce kawai. Ina ganin zalunci ne a yabi namiji da karamcin da jikin matarsa ne ke biya.

Ba na son a fahimci cewa duk baƙon da ya daɗe mugu ne. Mafi yawansu larura ce ta kawo su. Ga wanda ya kawo mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, likita ya ce a dawo bayan mako biyu, kuɗin motar zuwa da dawowa ya fi ƙarfinsa. Ga ɗalibin da bai samu ɗakin kwana a makaranta ba. Ga tsohuwar da ta zo wankan jego, wadda kwana arba'in ɗinta hutu ne ga mai jego, kuma an san ranar tafiyarta. Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne saurayin da aka turo birni "a sama masa abin yi", ba sana'a, ba takarda, ba wa'adi. Shi ne ke yini a gaban talabijin, shi ne kuma ya fi saurin kai ƙara gida. Shi kansa abin tausayi ne, domin zaman cima-zaune yana cin mutuncin mutum a hankali, kuma yana ganin sauyin fuska ko da ba a faɗa ba.

A nan ne kunya da kara, waɗanda ado ne a wurinmu, suke komawa cuta. Da yake ba a iya faɗin gaskiya, sai a koma habaici da gugar zana. A daki yaro don baƙo ya ji, a jinkirta abinci, a rage nama, a amsa gaisuwa a daƙile. Baƙon ya tafi da ciwon da ba zai manta ba, masu gida su zauna da haushi, zumuncin da aka yi shirun dominsa ya mutu. Da tun ranar farko maigida ya zauna da baƙonsa ya ce, "Kawu, wallahi mun ji daɗin zuwanka. Ka ga dai yadda wurin yake. Bari mu san kwanakin da aikin zai ɗauka, don in shirya maka yadda ya kamata," da ba a kai ga haka ba. Wannan magana aikin mai dangin ne. In 'yan'uwan miji ne shi zai yi, in na matar ne ita za ta yi, kuma rashin adalci ne miji ya laɓe a bayan matarsa ya bar ta ta zama mai baƙin jini a cikin danginsa. Baƙo mai hankali ma ba ya jira a tambaye shi. Ga waya a hannun kowa: ya kira kafin ya taso, ya faɗi abin da ya kawo shi da ranar komawarsa, in ya wuce kwana uku ya sa hannu a cefane ko a aiki, ko da an ce masa ya bari.

Akwai kuma baƙon da ba shi da gidan komawa, kuma shi lissafin kwana uku bai shafe shi ba. Lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri da Yola a gidajen mutane suka sauka, ba a sansani ba. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, ƙauyukan kan iyaka suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Wannan karamci ne da ya kamata a rubuta da alfahari. Sai dai alfaharin bai ciyar da kowa, kuma magidancin da ya sauki mutum goma sha biyar shekara biyu yana karyewa a ɓoye, maƙwabtansa suna yaba masa daga nesa.

Irin wannan nauyi na jama'a ne. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin rukunin mutane takwas da Alƙur'ani ya ba haƙƙi a zakka, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Attajiranmu suna gina masallaci a gefen masallaci, alhali masu jinya suna kwana a barandar asibiti ko su cunkushe a falon ɗan'uwa mai ƙaramin albashi. Gidan waƙafi mai ɗaki ashirin kusa da babban asibiti, da rijiya da wurin girki da mai kula, zai sauke wa gidaje ɗaruruwa nauyi a shekara. Masallacin unguwa ma yana iya sanin gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, a riƙa haɗa musu awo duk Juma'a, kwano ɗaya daga kowane gida mai hali.